Ƙasar da Goggo Ta Ƙulle a Mayafi

Shekarar da goggon maigidana ta zo aikin Hajji daga Sudan, bayan ibada buri ɗaya gare ta a Jidda: a kai ta inda mahaifinta ya faɗi lokacin yaƙin korar Turkawa. Ruwa yake kai wa mayaƙa harsashi ya same shi, ita tana goye.

Ƙanin maigidana, direban da bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba" ba, ya bugi ƙirji. "Yalla, mu je, Goggo! Na san wurin kamar yunwar cikina."

Ya zagaya da mu bayan tsohon barikin Turkawa, ya tsaya gaban wani tudu, har da cire tabarau yana nuna inda aka girke igwa. Ni kuwa na san tudun nan. Baraguzan gini ne da motoci suka juye bara a kan idona, ina hanyar kasuwa. Ga guntun buhun siminti ma yana leƙowa.

Goggo ta durƙusa, ta yi wa mahaifinta addu'a har muryarta ta dushe, sannan ta ɗebi ƙasar ta ƙulle a bakin mayafinta.

Na matsa kusa da ƙanin maigidana, na yi ƙasa da murya. "Sannu, Sarkin Yaƙi. Ashe da siminti Turkawa suke harbi?"

"Rufa min asiri, matar Yaya."

"Ba naka nake rufewa ba."

Na je na kama hannun Goggo na tashe ta, ƙafata a kan guntun buhun har ta juya baya.