Kitson Sa'adiya

Baturiya mai kitso ta tsufa a Danja da kawunan mata tsakanin gwiwoyinta. Autarta Sa'adiya tana ƙasar waje, tana binciken yadda wani furotin mai isar da saƙo cikin ƙwayoyin jikin mutum yake naɗewa. Ta turo hotonsa: murɗe nan, lanƙwasa can, kowane gefe da siffarsa.

"Yo wannan ai kitso ne," in ji Baturiya. "Saboda shi aka bar ni?"

Don haushi ta kwaikwayi hoton, ta kitsa wa wata amarya irinsa. Yanzu har daga Bakori ake zuwa neman kitson Sa'adiya. Mai sunan kuwa, rannan suna hira ta bidiyo ɗankwalinta ya zame. Ashe ta yanke gashin, don can babu mai kama mata shi.