Sista Hansatu da Gishirin Labaran

Kafin jiniyar safe ta yi kuka a Bompai, Sista Hansatu ta riga ta sauko daga motar haya kiya-kiya, jaka a kafaɗa, farar rigar aiki a naɗe cikin mayafi. A bakin ƙofar masaƙa akwai wani tsohon maigadi, Baba Idrisu, mutumin Damagaram, wanda bai taɓa gaishe ta a zaune ba. Da ya hango ta zai miƙe daga benci, ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya ce Bakanuwa ta makara. Ita kuma ta ce ai Badamagare bai san agogo ba. Daga nan ta wuce ɗan ɗakin shan magani na ma'aikata, ta ɗora ruwan dafa sirinji, ta share, ta shimfiɗa zanen gado. Ba ta zama jiran marar lafiya. Zagaya ɗakunan injuna take yi tana duban fuskokin mutane, wai ciwon ma'aikaci a fuska yake fara fita kafin ya yarda ya faɗa.

Haka ta yi tun masaƙar na sabuwa har wannan watan da ta ajiye aiki. Yatsun da ta ɗaure da idanun da ta wanke ba sa ƙirguwa. Amma duk wanda ka tambaya a Bompai, labari ɗaya zai fara ba ka, na gishirin Labaran.

Labaran shi ne mai kula da tukunyar tururi, inda zafi ke sa riga ta jiƙe kafin a gama bisimilla. Yana da hawan jini, yana shan ƙwayar nan mai sa yawan fitsari. Sai ƙafa ta fara ɗaure masa, fatar idonsa tana rawa, zuciya tana yi masa fat-fat kamar tsuntsu a keji. Abokan aiki suka ce rawar ido baƙo zai gani. Hansatu ta ce wannan baƙon ya daɗe a hanya, ta tura shi babban asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce wani sinadari ne ya yi masa ƙaranci, magniziyam, wanda jijiya da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi, kuma fitsari da gumi ne suka kwashe. Aka duba ƙodarsa, aka ga lafiya lau, aka rubuta masa ƙwaya da awonta. Kafin wata ya mutu Labaran ya dawo yana hawa tsani kamar saurayi.

To, kun san Labaran, alheri ba ya zama a cikinsa. Wata rana ya shiga sito sai ya ga buhunan wani farin gishiri da ake zubawa a ruwan gyaran yadi, kuma sunan da ke jikin kwalbar maganinsa na nan a jikin buhun. Ya ce ashe magani na jibge a gida mutane na fama da ciwon ƙafa. Ya ɗebo a gwangwani, ya jiƙa a buta, ya fara ba abokai lokacin hutun azahar. Ɗaci kamar maɗaci, amma suka sha. Da ciki ya fara gudu, sai murna, wai dattin shekara da shekaru ne ke fita. Kowa ya ɓoye wa Sista, don sun san za ta yi magana.

Ita kuwa ta lura layin banɗaki ya fi na karɓar abinci tsawo. Ta zargi rijiya, ta zargi miyar kantin cin abincin ma'aikata, har ta sa aka wanke randuna. Wanda duk ta tambaya sai ya ce lafiya ƙalau, yana riƙe da ciki.

Wata safiya ta iso bakin ƙofa, Baba Idrisu bai tashi ba. Yana zaune ya jingina da bango, ido a lumshe. Ta ce masa yau Badamagare ne ya makara, bai mayar ba.  Ta durƙusa ta riƙe wuyan hannunsa, ta ji bugun jini na tafiya a hankali, numfashi ma da ƙyar. Ta buga ƙasan gwiwarsa da gefen hannu, ƙafar ko motsi. A ƙarƙashin benci ga buta da farin abu ya daskare a bakinta. Ta ɗanɗana, ta tofar.

Mutane sun taru, wasu na cewa a ba shi fura, wasu a kai shi inuwa ya yi barci. Ta ɗaga butar ta dubi taron. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba na neman mai laifi. Abin da ke cikin butar nan nake so a faɗa mini, ko mu rasa Baba kafin azahar."

Labaran ya fito daga cikin taron. "Ni ne, Sista. Irin nawa ne, na sito. Ya ce ƙafa na damunsa."

"Ƙodarka aka duba kafin a ba ka. Tasa wa ya duba? Kama ƙafafunsa."

Ita ta san tsohon na da ciwon ƙoda, don ta daɗe tana ganin kumburin ƙafarsa. Ƙoda mai lafiya takan zubar da abin da ya yi yawa, marar lafiya kuwa tara shi take yi har ya kwantar da numfashi. Babu motar asibiti a kusa. Wata babbar mota na shirin fita da dilolin atamfa, Hansatu ta tsaya a gabanta ta ɗaga hannu. Gali direba, wanda har yau yake ba da labarin, ya ce ya ga mace ta tare mota kamar ta tare akuya. Aka kwantar da Baba a kan diloli, ta zauna a gefensa tana kiran sunansa, tana tsokanarsa da zancen Damagaram don kada ya tafi. Ba ta manta butar ba, har da yagen takardar buhun. Da suka isa asibiti ta miƙa wa likita, ba a ɓata lokaci wajen lalube ba, aka yi masa allura, aka ɗaura ruwa.

Sai bayan la'asar ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya bari a bakin ƙofa.

Sista Hansatu, ke ce kika san mutum har kika gane ciwonsa daga rashin miƙewarsa. Ke ce mai sanyin hannu, mai zafin ƙafa. Da wata ce da ta tsaya faɗa, ke kuwa kika ɗauki buta kika hau mota.

Ba ta tsaya nan ba. Da manaja ya so ya kori Labaran, ta ce a bar mata shi, ta mai da shi mai shela. Shi ya riƙa bi ɗaki-ɗaki yana faɗa da bakinsa cewa kayan buhu na yadi ne, ba na ciki ba, kuma gudawa ba wanki ba ce, ita ma kwashe sinadarin take yi. Ita kuma ta kafa doka: mai ɗaurewar jijiya ya zo a duba shi, ya faɗi duk maganin da yake sha, kada wani ya ara wa wani ƙwayarsa ko da uwarsu ɗaya. Ta zauna da Atika mai dafa abincin kanti, suka shigo da wake da alayyahu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, da kantun riɗi a faranti. Ta ce yawancinsu a kwano za su sami abin da suke nema. Ba kowa ya warke da abinci ba, wasu sai da likita ya rubuta musu ƙwaya, amma ba a sake ganin buta a ƙarƙashin benci ba. Labari ya kai Sharada da Challawa, masu jima da masu rini suka riƙa aiko a tambaye ta.

Mun gode, Hansatu. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa a duba ki kamar yadda kika duba mutane. Ku kuma 'yan mata masu shiga aikin jinya, ku riƙa tsayawa kuna gaida maigadi, ku san yadda yake amsawa.

Ranar walimar sallamarta aka kawo Baba Idrisu a bayan babur, ya tsufa tukuf, ya daɗe da barin gadi. Aka ba shi kujera a bakin ƙofa. Da ta fito da jakarta za ta tafi, ya dafa sanda yana kokawa da gwiwa. Ta ce, "Baba, ku zauna, don Allah."

Ya ce, "Sau ɗaya na zauna miki, Bakanuwa, kin ga abin da kika yi mini."

Ya miƙe tsaye, ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.