Amfilifayar Baffa

Duk sanda na bi ta rumfar masu gyaran waya a kasuwar Birnin Kudu, ƙaurin darma ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Baffana nake tunawa, ƙanin mahaifinmu.

A Gwaram muka tashi, gidan kakanmu, wanda shi ne ladanin masallacin unguwa tun ba a haifi babanmu ba. Tsufa ya cinye masa murya. Idan ya kira salla, da ƙyar ake ji a bayan danga, har mutane suka fara ƙananan maganganu cewa a nemo yaro mai maƙogwaro. Tsohon yana ji, har ya rage cin tuwo.

Sai Baffa ya dawo daga Kano da kwali cike da wayoyi da wasu ƙananan kwalabe irin na cikin tsohuwar rediyo. Ya ce amfilifaya zai haɗa, na'urar ƙara ƙarfin murya, a jona ta da lasifika. Ya baje tabarma a zaure, ya yi ta liƙe-liƙe har damina ta sauka. Ranar da aka tayar da janareta, kwalaben suka yi ja kamar garwashi, Kaka ya kira la'asar. Wallahi har masu noma a bayan gari sun ji. Mata suka yi ta guɗa a cikin gida.

Kowa ya yi murna, ban da Baffa. Wai akwai wani gurnani a ƙarƙashin muryar. Wane gurnani? Mu dai ba mu ji ba. Kafin magariba ya kwance abarsa.

Daga nan fa aka shiga. Yau a canza kwalba, gobe wayar ce ba ta da kauri, jibi sai an jira mota daga Kano. Aka yanke gero, aka kai dawa rumbu, amfilifaya tana zaure hanjinta a waje. Kaka yakan tsaya a kansa da sanda ya ce, "Ka maido mini da ita da gurnaninta."

"Saura kaɗan, Baba."

Wannan "saura kaɗan" ita ta ishe ni har yau. Kafin azumi dattawan unguwa suka ba wani saurayi ladanci. Kaka ya koma sahun farko ya zauna, bai sake ɗaga murya ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu kowane masallaci da lasifikarsa ta kanti, tana ƙara tana shaƙewa, ba wanda ya damu. Baffa kuwa ya tsufa, amma bai daddara ba. Da na je gaishe shi bara, ya jawo ni zaure ya kunna amfilifayar nan tasa, ya sa na kara kunne.

"Ka ji? Babu gurnani ko kaɗan."

Na ce na ji, Baffa. To, wa zai yi kiran?