Matamurar Arzika

Arzika ɗan Cindo taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da wasu ke rufewa. A wani ƙauye kusa da Basunda aka haife shi, a gonar da kakansa ya sare lokacin da guzurin Makka ya ƙare masa a hanya. Baƙar laka ce, da damina ta ƙwace maka takalmi, da rani ta dare har ƙafar jaki ta shige.

Ba rago ba ne, Allah shaida. Kansa ne dai ɗaki ɗaya, baƙo ɗaya yake saukewa, kuma duk abin da ya mare shi bara shi ke kwana a ciki bana.

Bayan shekarar da tsuntsaye suka cinye masa dawa, da kaka ta zagayo ya hau rumfa a tsakiyar gona da majajjawa, yana ihu har murya ta dushe. Tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba. Riɗinsa kuwa, da ke can ɗaya gefen, ya nuna, ya gaji da jira, ya fashe ya zube a tsagar ƙasa. Shekara ta gaba ya tare a cikin riɗi, yana latsa kwanso kamar ungozoma. Shanun wasu makiyaya suka bi ta dawar, suka gode masa.

Na ce, "Taubashi, wa kake gadi bana?"

Ya ce, "Kai dai bakinka ya huta, ya zol," wato kai mutumin nan, da Larabcin yankinmu. "Kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba."

Gaskiyarsa. Kuma manyan tajirai masu tarakta ba fin sa hankali suka yi ba. Kawuna suke saya: wannan wakili ya duba tsuntsu, wancan ya duba riɗi, wani ya zauna kasuwa yana sauraro. Arzika kansa ɗaya, shi ne na gona, shi ne na gida, shi ne na zazzaɓin yara.

Sai wata shekara komai ya yi. Ya sheƙe dawa, ya loda a lori, ya sayar a kasuwar hatsi ta Gadarif a makon da kowa ke sayarwa. Kafin damina farashi ya yi tsalle ya ninka. Wannan ya fi tsuntsu yi masa ciwo, don tsuntsu ba ya dariya. Mu kuwa a wajen mai shayi sai da muka yi ta kiransa mai sadaka har azumi.

Kaka ta gaba ya rantse ko mudu ba zai fitar ba. Ya haƙa matamura a bayan gida, ramin nan da muke binne hatsi, ya shimfiɗa ƙaiƙayi, ya juye dawar shekara duka har da ta iri, ya rufe da ƙasa. Daga nan kunnensa ya koma kasuwa. Duk direban da ya sauko daga Gadarif sai ya tare shi. Wanda ya fito daga Gallabat, can kan iyaka, ma bai tsira ba: "Habashawa nawa suke saye?"

Ruwan farko ya sauka da wuri, mai ƙarfi. Matarsa Ummuhani ta ce, "Baban Lami, ƙasar kan ramin nan ta lotsa fa."

"Ƙasa ce take zama. Kin ji an ce farashi ya sake hawa?"

Bayan kwanaki ta sake cewa, "Ni dai wani tsami nake ji in na je shanya. Kaji ma sun tare a wajen."

"To, in na dawo zan duba. Lori zai tashi."

Ya dawo da labarin farashi, ya manta da kaji. Ba ƙin maganarta ya yi ba, ɗakin ne a cike.

Ranar da farashi ya kai inda yake so, ya kira ni da wani tajiri, ya sa sabuwar jallabiya. Aka sa fartanya. Tun kafin a kai ƙaiƙayi warin ya fito ya gaishe mu. Ruwa ya bi wata tsagar rani ya shige ta gefe. Dawar ta dunƙule ta yi baƙi, tana turiri, ta sama ma ta fara tsiro. Tajirin ya toshe hanci da rawani ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya hau motarsa.

Babu ci, babu iri, ga damina ta shigo. Gonar kakansa ta koma hannun mai taraktan da ke iyaka da shi. Yanzu Arzika yankan riɗi yake yi a cikinta da sauran 'yan ƙwadago, in an gama ya wuce Fau tsinkar auduga.

Kwanan baya na leƙa gidan. Na same shi a cikin rami har wuya. Ya sake haƙa matamurar, ya yaɓe bangonta, ya ja wa ruwa hanya ta kewaye ta. Duk ƙauyen babu irinta.

Ya ce, "Sauko ka taɓa, taubashi. Ko ɗigo ba zai shiga ba."

Na ce, "Me za ka zuba?"

Ya ci gaba da shafa bangon. Ummuhani ce ta amsa daga murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba: "Bar shi, Malam. Bana rami yake gadi."