Kwana Huɗu Ban Sha Magani Ba Saboda Kunyar Maza

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar rabona da in ce uffan a nan. Masu cewa Hajara ta yi kuɗi ta manta da mutane, a'a, kwanciya na yi. Da hannun hagu nake danna wannan rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya san ni a Mai Wurno, a bakin murhu ya san ni. Kafin rana ta fito na gama zuba kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, ta masu shago uku. Daga nan in bi Malam, maigidana, gona. In dawo in ɗora abincin mutum goma sha ɗaya, don 'yan uwansa da suka taho daga Hartum suna wurinmu. Ga kuma babban aikin: duk gidan da aka yi aure ko rasuwa, ni ake kira in riƙe tukunya. Ina jin daɗin kiran nan, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da ciwon ƙeya abin ya fara. Sai kunne ya riƙa yi mini ƙara, sai faɗa da kowa ba dalili. Wata rana na zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya.

A ƙaramin asibitin garinmu aka ce hawan jini ne. Likitan ya ba ni ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ce in rage aiki. Na yi dariya na ce in rage in bar wa wa?

Ƙwayar nan tana sa fitsari sosai. A gidana ba komai ba ne.

Sai ga auren ɗan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin Malam. An kafa rumfar maza a tsakar gida, banɗaki kuma yana bayan rumfar. In za ki je, sai kin ratsa gaban surukanki da buta a hannu. Ranar farko sau biyar na wuce, kaina a ƙasa. A na biyar wata ta ce, "Hajara, ko ciki ne da tsufa?" Mata suka fashe da dariya.

Washegari na ajiye maganin. Na ce in na sha karkade mai sanyi, wato zoɓo, ya wadatar, ai kowa ya ce yana sauke jini. Kwana huɗu ina kan wuta tun safe har magariba, ba ƙwaya, ba hutu.

A rana ta huɗu ina tuƙa tuwo, muciya ta suɓuce mini. Na so in ce a riƙe, bakina ya ƙi. Ina jin komai, ina ganin kowa, amma harshena kamar an cika shi da tuwo.

Mata suka ce iska ce, aka kawo turare. Ƙanwata Zainabu ce ta daka musu tsawa: "Wace iska? Ku dubi bakinta ya karkace! Wallahi mustashfa za a kai ta, hassa, yanzu-yanzu!" Ita ta tare mota aka nufi babban asibitin Sinnar da ni.

Kwana tara na yi a gado. Gwajin jini, ƙarin ruwa, hoton kai, awon jini safe da yamma. Tumakina biyu da 'yan kunnena na zinari duk a nan suka tafi. Likitar, wata doguwar mata mai fara'a, ta ce, "Ya hajja, wannan ciwon shanyewar jiki ƙwanƙwasa ƙofa ya yi. Na biyu ba ya sallama."

Na ji tsoro ƙwarai. Ba mutuwa na fi tsoro ba, sai in zama wadda ake juyawa ana wankewa. Ni da na ji kunyar wucewa da buta, ga shi Zainabu tana tura mini tasa a ƙarƙashi, ɗaki cike da mutane. Na yi kuka har na gaji.

Bayan sallama aka shiga gashin hannu da ƙafa. In matsa lemo, in tsince wake ɗaya-ɗaya, in bi bango ina takawa. Malam ya raba aikin gida tsakanin matan da ke wurinmu, ashe duk sun iya girki, ni ce ban taɓa sakar musu ba. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo. Hannun dama yana ɗaga kofi, amma bai iya shimfiɗa kisra ba.

Makon jiya Gwaggo ta zo, za ta aurar da 'yarta. Ta ce, "Ɗiyata, ba mu ce ki taɓa komi ba. Ki taho ki zamna, ki nuna musu gishiri kawai, bas."

Na san irin wannan zaman. Da nuna gishiri ake farawa, a ƙare da muciya. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, ba zan iya ba."

Ta miƙe ba ta ƙarasa shayinta ba. Na ji tana cewa asibiti ya koya mini girman kai. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

An yi bikin. An ci, an ƙoshi, ba wanda ya koma gida da yunwa. Shekara ashirin ina ganin in babu ni tukunya ba za ta nuna ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni da raina. Na gode wa Zainabu, da Malam, da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya zo da addu'a ko da kwano.

'Yan uwana mata, kada ku ajiye maganin hawan jini don biki ko don kunya, karkade ba ya maye gurbinsa. In baki ya karkace ko hannu ya mutu, a nemi mota kafin a nemi turare. Masu kafa rumfa, ku bar wa mata hanya. Kuma ku raba aiki tun kuna da hannu biyu.

Jiya na tambayi likita ko hannun nan zai koma kamar da. Ta ce in ci gaba da matsa lemo. Ku sa ni a addu'a.