Malam Alkasum Yari da Littafin Gidajen Ƙasa

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Alkasum Yari a garin Dogarawa, cikin ƙasar Malbaza ta yanzu, a daminar shekarar 1957. Mahaifinsa shi ne Yari Magini, wanda ya shahara a zamaninsa wajen ginin zauruka da rumbunan ƙasa, sunan mahaifiyarsa kuwa Uwani. Shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin wansa Hamani, wanda ya girme shi da shekaru masu dama. Gidansu gidan magina ne tun kaka da kakanni, kuma a bakin zauren gidan akwai wani tsohon ƙyaure na itace mai ado da ƙarfe, wanda kakansu ya sa maƙeran gari suka ƙera masa.

Karatu

A shekarar 1964, lokacin da hukuma ta umarci kowace unguwa ta ba da yara domin lakwal, wato makarantar boko, mahaifinsa ya riƙe Hamani a wajen gini ya miƙa Alkasum, saboda bahago ne, kuma a ganinsa bahago ba zai daidaita tubali ba. Ya yi karatun farko a Dogarawa tare da karatun allo, ya ci gaba a Birnin Konni, daga nan ya wuce makarantar horon malamai a Damagaram a shekarar 1975. A can ne ya fara ganin manyan littattafai masu hotuna, waɗanda suka ƙunshi fadoji da masallatai da gadoji na ƙasashe masu nisa, kowane gini da sunan wanda ya tsara shi. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya bai tarar da ko rumbu guda irin na mahaifinsa ba, kuma wannan al'amari ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin Koyarwa

Ya kama aiki a shekarar 1978 a Badagishiri, inda yara da iyayensu suka san shi da Mushe Alkasum, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Daga baya aka mayar da shi Illela ta ƙasar Adar, sannan Malbaza, kafin ya zauna a Birnin Konni a shekarar 1993. Abokan aikinsa sun shaide shi da tsanani wajen kiyaye lokaci, da ƙarancin magana, da kuma iya zane da alli a kan allo, har yakan zana jaki da mangalarsa ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Mahaifinsa ya rasu a shekarar yunwa ta 1984. Bayan 'yan shekaru ya ga an rushe wani masallaci da marigayin ya gina a wani ƙauye kusa da Malbaza, aka maye gurbinsa da ginin siminti da rufin kwano, kuma babu wanda ya ajiye ko siffarsa. Tun daga wannan lokaci ya ɗauki al'adar hawa kekensa a kowane hutun lakwal, yana bin ƙauyuka da takarda da fensir, yana zana zauruka da rumbuna da adon bango da ƙyamare da tukwanen ɗakin mata, yana auna faɗinsu da tsawonsu da igiya, yana tambayar tsofaffi sunan wanda ya yi kowane aiki.

Aure da Iyali

Ya auri Malama Saude, ɗiyar wani manomin albasa a Badagishiri, a shekarar 1981, kuma ita kaɗai ya aura. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Na ukunsu, Umar, ya rasu yana ƙarami a annobar sanƙarau ta 1995, a daidai lokacin da mahaifinsa yake can yana zanen wasu rumbuna a ƙasar Illela, har aka binne yaron bai samu labari ba. Malama Saude ba ta taɓa yi masa gori a kan wannan ba, amma daga ranar ta daina shiga ɗakin da yake ajiye takardunsa.

Wallafar Littafi

Bayan ya ajiye aikin gwamnati a shekarar 2012, ya duƙufa wajen tsara abin da ya tara cikin fiye da shekara ashirin. Ya zaɓi zane ɗari da 'yan kai, ya sake fitar da su da tawada da launi, ya rubuta bayaninsu da Hausa da Faransanci. Ya ɗauki alwashin cewa babu magini ko maƙeri da zai ɓace a littafinsa kamar yadda mahaifinsa ya ɓace a na wasu, don haka a ƙarƙashin kowane hoto ya rubuta sunan gari da unguwa, da sunan mai gida, da na wanda ya yi aikin. Lokacin da ya karanta wa Malama Saude wasu shafuka, an ruwaito cewa ta ce masa: "Malam, ka zana ƙyaure, ka sa gari, ka sa sunan mai gida. Saura mi? Sai ka haɗa musu da makulli." Bai karɓi wannan nasiha ba.

Wata ƙaramar maɗaba'a a Yamai ta buga littafin a shekarar 2016, da sunan Hannun Magina. Malamai sun yaba da shi, an ajiye shi a ɗakunan karatu, kuma wasu kofe sun fita zuwa ƙasashen waje. Ya kai wa wansa Hamani kofe guda da kansa, ya nuna masa shafin zauren gidansu, kuma Hamani, wanda bai yi lakwal ba, ya sa aka karanta masa sunan kakansu a gaban jama'a. Iyalan Malam Alkasum sun ce ba su taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan shekara ba.

Musibar 2018

Ba a yi shekara da fitowar littafin ba sai dillalan tsofaffin kaya suka fara shiga ƙauyukan da aka ambata a cikinsa, suna zuwa gida kai tsaye suna kiran mai shi da sunansa. Da farko saye suke yi, kuma talauci ya sa mutane da yawa suka sayar da ƙyamaren iyayensu suka liƙa kwano a madadinsu. Daga baya, inda aka ƙi sayarwa, sai a wayi gari an cire. An zo wa Hamani da ciniki fiye da sau ɗaya, yana korar masu zuwa.

A watan Agusta na shekarar 2018, da hantsi, lokacin da mutanen Dogarawa suka watse gonaki, wasu mutane suka tsaya da mota a ƙofar gidan suka fara ɓalle ƙyauren. Hamani, wanda tsufa ya hana shi noma, ya fito ya riƙe shi da hannu biyu, sai ɗaya daga cikinsu ya buge shi da ƙarfe a kai. An kai shi likita a Konni, inda ya cika washegari. Jandarma sun tsinci motar a kusa da iyaka babu kowa babu ƙyauren, sai kofen littafin a ƙarƙashin kujera, an naɗe shafin zauren gidan.

A kan wannan hujja aka kama Malam Alkasum bisa tuhumar cewa yana da hannu da dillalan, ya yi watanni a gidan kaso kafin alƙali ya sallame shi saboda rashin shaida. Da fitowarsa ya tafi Dogarawa yin ta'aziyyar da bai samu yi ba. Matar marigayin, Goggo Fati, ta yi masa magana daga bayan asabari ta ce: "Alkasum, mu ba mu iya karatu ba. Waɗanda sunka iya sun karanta, sun zo." Daga ranar bai sake kwana a garin ba.

Shekarun Ƙarshe

Daga shekarar 2019 ya shiga bin makarantu da ɗakunan karatu da gidajen abokansa yana roƙon a mayar masa da littafin, ya kuma je Yamai ya kwaso ragowar da ba a sayar ba, ya hana a sake bugawa. A ranin shekarar 2020 ya tara su a bayan gidansa tare da dukkan takardun zanensa na asali, waɗanda aka buga da waɗanda ba a buga ba, ya cinna musu wuta. Malama Saude da babban ɗansa Mahfuz sun yi ƙoƙarin hana shi, bai saurare su ba. A shekarar da ta biyo baya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bai ƙara riƙe fensir ba.

A daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna mai yawa, gidajen ƙasa da dama suka zube a yankin, ciki har da zauren gidansu na Dogarawa. Bayan kaka, Sadiƙu ɗan Hamani, wanda ya gaji gini amma bai taɓa ɗaura rufin zaure irin na dā ba, ya zo Konni ya durƙusa a gaban baffansa, karo na farko tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce: "Baba, abin da ya wuce ya wuce. Zaure ya faɗi, kuma babu wanda ya san yadda anka ɗaura bakan rufinsa. Ka ba ni hoton da awon, in tashe shi kamar yadda yake." Malam Alkasum ya ce: "Sadiƙu, na ƙone shi." Ya yi ƙoƙarin kwatanta masa da baki, amma harshensa ya yi nauyi, lissafin kuma ya kuɓuce masa. Mahfuz ya nemi kofe a Tawa da Yamai bai samu ba, aka shaida masa cewa sai dai a hannun dillalai ko a ƙasashen waje. An tayar da zauren da bulon siminti, aka rufe shi da kwano.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Alkasum Yari ya rasu a gidansa da ke Birnin Konni ranar Juma'a, 14 ga watan Maris na shekarar 2025, cikin watan azumi, yana da kimanin shekara sittin da takwas, bayan doguwar jinya. An yi masa salla bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar garin bisa wasiyyarsa cewa kada a wahalar da mutanen Dogarawa da gawarsa. Tsofaffin ɗalibansa sun halarta da yawa. Daga Dogarawa mutum ɗaya ya zo, wato Sadiƙu, kuma shi ne ya shiga kabarin ya jera itace ya yi yaɓe.

Ya rasu ya bar matarsa Malama Saude, da jikoki, da 'ya'ya huɗu: Mahfuz, direban babbar mota, Nabila, ungozoma a Malbaza, Lurwanu, mai sayar da siminti a kasuwar Konni, da autarsu Hamdiyya, wadda take aure a Badagishiri. Babu ɗaya daga cikinsu da yake zane. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wansa Hamani, ya sada su cikin rahama.