Tulun Turaren Ummuhani

A zamanin Shugaba Ahijo na Kamaru, idan ka ambaci kyandir ɗin Ummuhani a unguwar Hausawa ta Garwa, kafin ka rufe baki wani zai ce maka akwai tsada. Gaskiya ne, akwai. Kuɗin nata guda ɗaya zai saya maka ƙunshin farin nan na kanti. Ni Kaltumi faccalarta ce, mijina ƙanin mijinta Mas'udu ne, gida ɗaya muka zauna, kuma da idona na ga yadda ake yin kyandir ɗin. Shi ya sa duk mai yi mata ƙorafin tsada nake ji kamar in kwaɗa masa muciya.

Yaya Mas'udu direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngawundere. Shi ke sayo mata kakin zuma a wajen masu ɗibar zuma na dajin can, baƙi ƙirin, cike da ɓawon itace da matattun ƙudan zuma. Sai ta narka, ta tace da tsohon zane, ta sake narkawa ta sake tacewa, sannan ta kankare shi siri-siri ta shanya a ranar hantsi tana yayyafa masa ruwa har ya yi haske. Lagwanin ma ita ke kaɗa audugarsa da mazari. Daga nan sai tsomawa: a tsoma a rataye, ya sha iska, a sake tsomawa, har ya yi kauri. Kowa ya san zafin Garwa, da bazara kaki ba ya daskarewa ko ka roƙe shi, don haka sai da damina da lokacin sanyi take aikin. Amma idan ka kunna nata, ba ya baƙin hayaƙi, ba ya lanƙwashewa, ɗakin kuma sai ya ɗauki ƙanshin zuma. Malam Sulaimanu mai rubuta Alƙur'ani da hannu kullum yakan aiko matarsa da ƙorafi a baki da kuɗi a hannu. Ita kuwa Yaya Ummuhani sai ta ce a gaya wa Malam araha ba ta ado.

Ba gado ta yi wannan sana'a ba. Wata 'yar kudu ce ta koya mata, sunanta Albertine, wadda aka yi wa mijinta Théodore canjin wurin aiki zuwa wani ofishin gwamnati a Garwa, suka kama haya bayan katangarmu. Ta zo ba Fillanci ba Hausa, ba dangi, zafi na neman kashe ta. Yaya Ummuhani ce ta fara miƙa mata fura ta kan katanga. Kafin shekara ta zagayo Albertine na kiranta Adda, tana zama a tabarmarmu tana karya Hausa muna dariya. Ranar da ta ga kaki a zaure ta ce a makarantar sistocin coci ta koyi yin buji, wato kyandir, ta kuwa zage ta koya wa Yaya har ta fi ta iyawa. Zan faɗi gaskiya ko da ina jin haushinta: lokacin nan Albertine mutuniyar kirki ce, ko kuwa ta iya kwaikwayon kirki fiye da duk wanda na sani.

To, akwai wani abu a ɗakin Yaya Ummuhani da ya fi kyandir daraja nesa ba kusa ba. Wani ɗan tulu ne a binne a ƙarƙashin gadonta, bakinsa a toshe da tsumma da laka. A ciki akwai haɗin turaren gidansu, wanda kakar kakarta ta taho da shi daga ƙasar Kano lokacin da suka biyo fatauci. Kowace mace ta san ana sa sandal da kajiji da farce da jawi a irin wannan haɗi, amma yawan kowanne, da abin da ake soyawa da abin da ake jiƙawa, da sauran abubuwan da ba a faɗa, wannan sirrin gida ne. Duk shekara kafin damina ta ɗauke ake sabunta shi, a zuba ragowar tsohon cikin sabon, don kada ƙanshin ya yanke. Kuma a gidansu uwa ba ta nuna wa kowa sai 'yarta, ita ma sai ranar da za ta shiga lalle. Idan Yaya ta wuce ta cikin taron biki, ko makauniya ta san wadda ta wuce.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Hindu, kuma ita ce 'yar fari. Yaya Ummuhani irin matan da ne masu tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunan Hindu ba, sai dai ta ce yarinyar nan. Ba ta rungumarta, ba ta yabonta a gaban mutane, ko zazzaɓi Hindu ke yi ni nake ɗaukarta, uwar na leƙowa daga bakin ƙofa kamar ba ruwanta, alhali cikinta na ƙuna. Wata rana muna tsinke zogale ta ce mini duk abin da ba ta iya gaya wa yarinyar nan da baki ba, yana cikin tulun. Ranar da ta miƙa mata shi, ranar za ta san cewa uwarta na sonta.

Albertine ta taɓa cewa me zai hana a ɗiga turaren nan cikin kaki, ai manyan mata za su yi rububinsa. Yaya ta yi dariya ta ce turaren ɗaki ba ya zuwa kasuwa, ta kuma yi mata bayanin dalili dalla-dalla, har da maganar Hindu. Ina wurin. Kada wani ya ce mini Albertine ba ta san abin da take taɓawa ba.

Ana nan sai tsautsayi ya faɗa. Tukunyar kaki ta kife wa Yaya a hannuwa biyu, fata ta saɓule, aka naɗe su kamar dami. Ga shi damina ta kusa ɗaukewa, lokacin sabunta tulu ya yi, in aka bari ya wuce tsohon zai bushe ya mutu. Hindu ba ta isa a nuna mata ba. Dole a ari hannun wata. Na ɗauka ni za a kira. Ba a kira ni ba, kuma na ji zafi ƙwarai. Daga baya Yaya ta ba ni haƙuri, ta ce ni Bahaushiya ce mai 'ya'ya mata, ko ban yi niyya ba wata rana hannuna zai tuna, ga shi kuma bakina ba ya riƙe ruwa. Wannan na ƙarshen ban musa ba. Ita kuwa Albertine ba ta turara zane, ba ta shafa humra, ba ta da 'ya mace, turarenta na kwalba ne daga kanti. A tunanin Yaya, sirrin mace wata mace ce mai son ta shafa kaɗai ke iya sace shi. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mai sata don ta sayar. An yi gudun gara an faɗa zago.

Suka kulle ɗaki su biyu tun hantsi har la'asar, Yaya na faɗa Albertine na aunawa. Da suka fito idon Albertine ya yi ja saboda hayaƙi, ta kama ɗan gicciyen wuyanta ta ce, "Adda, abin da na gani a ɗakin nan, da shi za a binne ni." Ita ce kuma ta yi jinyar hannuwan nan har suka warke, tana ba ta abinci a baki. Da aka mayar da mijinta Yawunde, a shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere, ita da Yaya sun yi kuka a bakin mota kamar 'yan uwa ciki ɗaya. Da farko saƙon gaisuwa na zuwa ta hannun direbobi, daga baya ya yi ƙaranci, daga baya ya ɗauke. Yaya ta ce hidimar babban birni ce.

Hindu ta girma, ta daidaita da wani malamin lekol, wato makarantar boko, mai suna Dawuda da ke koyarwa a garin Ngong, suna son juna, kowa na murna. Na aika wa Albertine goron gayyata ta hannun Yaya Mas'udu, ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Ranar shiga lalle da safe Yaya Ummuhani ta kira Hindu ɗaki ta rufe ƙofa. Sun daɗe. Da yarinyar ta fito fuskarta sharkaf da hawaye amma tana murmushi, ta rungume tulun a ƙirji. Aka turara mata zannuwa da gashi. Ni da na raine ta, da na matsa kusa na ji ƙanshin uwarta a jikinta, sai da na koma bayan rumbu na share ido.

Da la'asar mata suka cika gida. Cikinsu akwai Hajiya Hawa'u, gwaggon ango, matar wani babban ɗan kasuwa da ke zaune a Yawunde, mace mai zinariya har a haƙori. Ta sunkuya za ta ɗaga mayafin amarya, sai ta tsaya ta ja numfashi, ta juyo tana dariya.

"A'a, wannan ai ƙanshin bujin Madam Albertine ne. Lallai uwar amarya kin yi ƙoƙari, har nan kuka samo shi?"

Ita baiwar Allah ba da mugunta ta faɗa ba, yabo take yi. Ta buɗe jakarta ta fito da gudummawarta, kyandir a cikin kofin gilashi mai kauri, an ɗaura masa jan kirtani, an manna takarda mai rubutun Faransanci da ruwan zinariya. Ta ce Madam Albertine ta buɗe butik, wato shagon kayan ƙawa, a unguwar manya, matan ministoci da Turawa layi suke yi, babu falon da za ka shiga a Yawunde ba ka ji wannan ƙanshi ba. Wata ta tambayi kuɗinsa, da Hajiya ta faɗa sai da mata suka riƙe baki, don zai ciyar da gidanmu kwana da kwanaki. Aka ce me ke cikinsa haka? Hajiya ta ce ai ba kakin ake saye ba, gilashin ma daga Faransa yake zuwa, ga hayar butik, ga suna. Amma babban dalilin, in ji Madam da bakinta, shi ne haɗin sirri ne da ta gada daga kakarta, babu mai shi a duk Kamaru sai ita.

Hajiya ta sa aka kunna don mata su ji. Wallahi ƙanshin tulun Yaya ne. An tsinka shi, an cakuɗa shi da farin kakin kanti mai baƙin hayaƙi, amma shi ne, kamar ka ga ɗanka cikin tsumman wani. Na yunƙura zan yi magana, Yaya Ummuhani ta dafa gwiwata da hannun nan mai tabon ƙuna.

Hindu ta ɗaga mayafi da kanta, abin da amarya ba ta yi, ta dubi uwarta. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Inna, ashe na kanti ne?"

Yaya Ummuhani ta miƙe a gaban dangin ango da mutanen unguwa duka.

"Hindu," ta ce. "Hindu, naki ne."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai don kunya, wata ma ta ce subhanallahi. Shekara ashirin matar nan na riƙe da sunan a bakinta, ranar ya fito, kuma ba don murna ba. Ni dai a ranar na tsani Albertine, har yau ban daina ba, kuma ba na neman a ba ni haƙuri.

Hindu ta yarda da uwarta, amma duniya ba ta yarda ba. A Ngong dangin miji suka sa mata suna amarya mai ƙanshin buji, suna yi da sigar wasa, suna tambayarta ko narka kyandir ɗin take yi ta shafa. Wa zai gaskata cewa matar direba a Garwa ce mai asali, mai butik a Yawunde ce mai kwaikwayo? Damina biyu Hindu ta sabunta tulun, ta uku ta bar shi ya bushe. 'Ya'yanta mata turaren kasuwa suke saye kamar kowa.

Yaya Ummuhani ta ci gaba da tsoma kyandir ɗinta na zuma har idonta ya raunana, Malam Sulaimanu na ƙorafi yana saye. Ba ta taɓa aika wa Albertine ko kalma ɗaya ba, ba ta kuma sake ambatonta ba. Kyandir ɗin Hajiya Hawa'u kuwa ta ajiye shi a saman jeren kwanoninta, ba ta kunna ba, ba ta yar ba. Wata rana wata baƙuwa ta ɗauko shi tana jujjuyawa, ta ce ta ji labarin irinsa, amma ita tana ganin wauta ce mutum ya zuba wannan uban kuɗi a kan abin da zai ƙone, anya ya kai kuɗinsa kuwa? Yaya ta karɓa, ta goge ƙurar gilashin da gefen zanenta, ta mayar da shi inda yake.

"Tsada kike gani?" ta ce. "Ai araha ta sayar da shi."